Larabci, Tarihi, Rediyo: Yadda Na Shirya Neman Digirin Digirgir a Adabin Turanci

Takarduna ba su bi layi ɗaya ba. Na yi NCE a Larabci da Turanci, na shiga jami'a na karanta Tarihi, na yi shekaru ina fassara labarai a wani gidan rediyo a Kano, sannan na koma na yi digiri na biyu a nazarin harshen Turanci, ɓangaren nahawu da tsarin zance, ba ɓangaren adabi ba. Da na ƙudura a farkon 2023 cewa digirin digirgir nake so a adabin Turanci, duk wanda ya san harkar in na gaya masa sai ya tambaye ni a ina za a ɗauke ni. Wani abokin aikina ya ce takarduna kayan ɗan koli ne, akwai komai amma kaɗan-kaɗan. Ba da mugun nufi ya faɗa ba. Abin da kwamitin ɗaukar ɗalibai zai fara gani ke nan in ya buɗe fayil ɗina, kuma gara na ji shi daga bakin na gida.

Na fara da duba inda tsarin karatun zai karɓi mutum irina. A yawancin jami'o'inmu ana son digiri na biyu ya kasance a fannin da za ka yi na uku, sau da yawa har na farkon ma. A Ingila kuwa tun kafin ka cike fom ake so ka zo da cikakken tsarin bincikenka, ka kuma sami malamin da ya yarda zai duba aikin, sai ka shiga rubutu kai tsaye na shekara uku ko huɗu. Wannan ya dace da wanda ya riga ya ƙoshi da fannin. Ga kuma kuɗi: tallafin ɗan ƙasar waje a can kaɗan ne, masu neman irin su tallafin Commonwealth kuma ba su ƙirguwa. Tsarin Amurka ne ya ja hankalina, saboda dalili guda. A can ana fara digirin da kusan shekara biyu na darussa a aji, sai jarrabawar baka ko ta rubutu a kan jerin littattafai masu yawa, sai a amince da tsarin kundinka, sannan ka fara rubuta shi. Duka yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Ko mai digirin farko kaɗai yana iya nema. Kwamiti ne ke ɗauka, ba malami ɗaya ba, kuma sassan da suka amsa sunansu ba sa ɗaukar ɗalibi sai da yafe masa kuɗin makaranta da ba shi alawus, shi kuma ya riƙa koyar da 'yan aji ɗaya darasin rubutu. Shekara biyun nan ta aji ita nake bukata, domin a nan ne wanda ya zo ta wata ƙofa zai cike abin da ya rasa.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai wannan niyya ya sani tun da wuri. Sashe ɗaya yakan sami ɗaruruwan masu nema, ya ɗauki goma ko ƙasa da haka. Guraben aikin koyar da adabin Turanci a jami'o'in Amurka sun ragu da fiye da rabi tun bayan karayar tattalin arziki ta 2008, kamar yadda ƙididdigar MLA, ƙungiyar malaman harsuna da adabi ta Amurka, ta nuna, shi ya sa sassa da dama suka rage yawan waɗanda suke ɗauka. A 2020, lokacin korona, wasu ma dakatar da ɗaukar suka yi na shekara guda. Ni niyyata in dawo gida in koyar, don haka wannan bai karya mini gwiwa ba, amma ya sa na fahimci cewa ba a shiga da sa'a ko da tarin takardu.

Abin da ya fi cin lokacina, kuma wanda nake ganin shi ne ginshiƙin komai, shi ne samo tambaya guda da za ta haɗa karatuna wuri ɗaya. Kwamiti ba ya neman wanda ya taɓa abubuwa da yawa. Yana neman wanda ke da abin da yake son sani, wanda kuma sashen Turanci ne wurin da ya dace a bincika shi. In ba ka da wannan, bambancin karatunka nauyi ne kawai a wuyanka. In kana da shi, kowace takarda sai ta zama hujjar cewa kai ne za ka iya aikin.

Tawa tambayar ta fito ne daga wani mutumin Borno da na fara cin karo da sunansa tun ina karatun Tarihi. Sunansa na yanka Muhammad Ali ɗan Sa'id, an haife shi a Kukawa, mahaifinsa Barka Gana babban jarumin yaƙi ne na Shehu al-Kanemi. Buzaye suka kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Murzuk da Tarabulus, ya bi ta hannun iyayengiji har Santambul, daga nan Rasha, inda aka yi masa baftisma da sunan Nicholas. Ya zagaya Turai, ya isa Amurka yana ɗa ba bawa ba, kuma a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ɗaya daga rundunonin baƙaƙen fata da suka yi yaƙin basasar Amurka a ɓangaren jihohin Arewa. Bayan yaƙi ya koyar a makarantu a jihohin Kudu. Labarinsa ya fito sau biyu da Turanci: gajere a mujallar Atlantic Monthly ta Boston a 1867, sai cikakken littafi da aka buga a Memphis a 1873. A littafin nan na Memphis, wanda zai sayar wa fararen fatar Kudu da aka ci da yaƙi, bai ambaci zamansa soja ba ko kaɗan.

Labaran bayi da ake karantarwa a sassan Turanci na Amurka kusan duk hanya ɗaya suke bi: daga gonar ubangiji a Kudu zuwa 'yanci a Arewa, kamar na Frederick Douglass na 1845. Na Sa'id bai shiga wannan zubin ba, domin bautarsa ta Sahara ce da ƙasashen Musulmi. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Landan a 1855, ya ba wa ɗan mishan J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a 1885. Akwai kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙagaggen labarin da ya fito daga gasar rubutu ta 1933 da jami'in ilimi Bature Rupert East ya shirya, Mervyn Hiskett ya mayar da shi Turanci a 1967. Ɗaya ya rubuta da hannunsa cikin harshen da ba nasa ba, ɗaya ya faɗa wani ya rubuta, ɗaya ƙirƙira ce da ta bi ta hannun jami'in mulkin mallaka sannan ta hannun mai fassara. Tambayata ita ce: in labarin bautar Sahara ya shiga Turanci, wa ke tsaye tsakanin mai labarin da mai karatu, kuma me ake zubarwa a hanya? Ranar da na iya faɗar wannan cikin jimla biyu ba tare da kame-kame ba, ranar na san ina da abin nema. Larabcin yana da aiki a ciki, Tarihin yana da aiki, Hausa tana da aiki. Rediyon ma haka, domin wanda ya taɓa matse rahoton minti biyar ya koma minti ɗaya kafin a buɗe makirufo ya san cewa mai fassara yana zaɓe, kuma zaɓensa ba ya rasa dalili.

Samun tambaya bai cike giɓin da ke karatuna ba, kuma ban yarda da masu cewa a ɓoye giɓi da daɗin baki ba. Ban taɓa zama ajin manyan mawaƙan Ingila irin su Chaucer ko Milton ba, waƙoƙin ƙarni na 18 da na 19 kuma abin da na sani a kansu bai wuce na NCE ba. Na sami tsohon kundin Norton na adabin Ingila a hannun masu sayar da littattafan gwanjo a Sabon Gari, na sa wa kaina ƙa'idar karatu bayan sallar asuba kafin fita aiki. Ra'in adabi kuwa na bi darussan Farfesa Paul Fry na jami'ar Yale, waɗanda ke YouTube kyauta, ina sauke su da dare lokacin da data ke araha. JSTOR, rumbun maƙalun ilimi, na ba mai asusun kyauta damar karanta maƙala 100 a wata a kan intanet, kuma littafin Sa'id kansa yana nan kyauta a taskar Documenting the American South ta jami'ar North Carolina. Ban zama masanin adabin Ingila cikin watannin nan ba. Amma na kai inda in marubucin maƙala ya ambaci wata mazhabar tarke, na san gardamar da yake ciki da wanda yake mayar wa martani.

Samfurin rubutu shi ne abin da ya fi kowane nauyi a fayil, musamman ga wanda taranskirif ɗinsa ba ya cewa adabi. Yawancin sassa suna neman shafi 15 zuwa 25 na tarken adabi. Kundina na digiri na biyu a kan tsarin jimla ne a kanun jaridu, ba zai yi wannan aiki ba, don haka sabuwar maƙala na rubuta daga tushe a kan Sa'id. Da na gama zubin farko na kai wa wata malama a sashen Turanci, wadda ta koyar da adabin Amurka shekaru da yawa, ko da yake ni ba ta taɓa koyar da ni ba. Ta riƙe shi kwanaki, sannan ta kira ni ofis. Shafukan farko duk ta ja musu layi da jan biro daga sama har ƙasa.

Ta ce, “Malam, ka yi ƙoƙari, amma wannan aikin ɗan tarihi ne. Shafi shida kana tabbatar mini cewa Barka Gana ya rayu, matafiyin nan Bature Denham ya gan shi, hanyar Murzuk gaskiya ce. Na yarda. To sai me?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, ai na ga sai an tabbatar da mutumin kafin a yarda da labarinsa.”

Ta ce, “Mu a nan ba shaida muke nema a bakinsa ba. Inda ya yi shiru ma rubutu ne. Ka buɗe mini shafi ɗaya, ka zauna a kansa, ka nuna mini abin da kalmomin ke yi.”

Wannan magana ce ta bambance mini fannonin biyu fiye da duk abin da na karanta. Ɗan tarihi yana tambayar rubutu ko gaskiya ya faɗa. Mai tarken adabi yana tambayar yadda aka gina shi, don wa, da abin da ginin ya hana a faɗa. Na buga rubutun 1867 da na 1873 a takarda, na shimfiɗa su gefe da gefe a kan tabarma, na riƙa bi da biro kala biyu: shuɗi ga abin da aka ƙara, ja ga abin da aka cire. A nan ne karatun nahawun da nake ganin ba shi da alaƙa ya yi mini rana. Na saba lura da wanda jimla ta sa a gaba da wanda ta ɓoye, da inda marubuci ya ce “na yi” da inda ya ce “aka yi”. Sai maƙalar ta koma kan abu ɗaya: yadda Sa'id ya gina kansa a littafin Memphis a matsayin ɗan babban gida, matafiyi, mai harsuna da yawa, malamin makaranta, da yadda wannan ginin ya bukaci a share sojan da ya ɗauki bindiga a kan masu sayen littafin. Tarihin Borno da na cika shafi shida da shi ya koma sakin layi biyu da 'yan bayanai a ƙasan shafi, kuma a nan ya fi ƙarfi, domin yanzu hidima yake wa hujja. Na shigo da abin da masana uku ko huɗu suka ce a kan labaran bayi, na nuna inda na bi su da inda na rabu da su. Na tsara manazarta bisa ƙa'idar MLA. Malamar ta sake karantawa, wani abokina da ke karatu a Kanada ya karanta, na yi ta gyara har Nuwamba. Shafi biyun farko na fi wahala a kansu, domin an gaya mini mai karanta ɗaruruwan fayil ba lallai ya wuce nan ba in bai ga hujja ba.

Takardar bayanin manufa ba ta wuce shafi biyu, wasu sassan ma kalma 1,000 suke iyakancewa. Jarabar da ke damun mai karatu irin nawa ita ce ya mayar da ita tarihin rayuwa, ya bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya yana ba da uzurin kowace kwana da ya yi. Ni da tambayar na buɗe, da Sa'id da Dorugu a layin farko. Karatuna ya shigo ne a sakin layi na uku, kuma kowane da abin da ya ba ni na yin aikin: ina karanta Larabci, na taɓa aiki da takardun Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da na Arewa House lokacin kundin digirina na farko, Hausa harshena ne kuma na yi fassara a matsayin sana'a. Giɓin ma na faɗe shi a jimla ɗaya, cewa ban yi digiri a adabi ba, ga abin da na karanta da kaina, ga darussan da nake son ɗauka a shekarar farko. Ban nemi afuwa ba, ban kuma yi fahariya ba. Sakin layi na ƙarshe kuwa kowane sashe da nasa, inda na ambaci malamai biyu ko uku da aikinsu ya taɓa nawa, bayan na karanta aƙalla maƙala ɗaya ta kowannensu. Wasu jami'o'in, irin na jihar Kalifoniya, suna neman wata takarda daban ta labarin rayuwa, kuma can ne maganar makarantar allo da gidan rediyo ta sami wuri.

Wannan karatun ne ma ya tace mini jerin makarantun. Ban bi suna ba. Na nemi sashen da ke da masanin adabin Amurka na ƙarni na 19 da kuma masanin adabin Afirka, a jami'ar da ke da cibiyar nazarin Afirka mai rai, yadda zan iya ɗaukar darasi a waje da sashen. Na kuma duba sharaɗin harshe, domin kusan kowane sashen Turanci yana so ɗalibi ya nuna yana karanta wani harshe ɗaya ko biyu ban da Turanci. Na aika wa daraktocin karatun gaba da digiri gajeren imel ina tambaya ko Larabci da Hausa za su cika sharaɗin. Larabci babu wanda ya yi musu. Hausa kuwa wasu suka ce sai an rubuta roƙo an kuma sami wanda zai yi jarrabawar. Yadda aka amsa wannan 'yar tambaya ya nuna mini halin sashe fiye da abin da ke shafinsu na intanet. Na kuma yi tunanin sassan kwatanta adabi da na nazarin al'adun Afirka, irin na Wisconsin da ya daɗe yana koyar da Hausa, amma tunda littafin Sa'id da Turanci yake kuma muhawarar da nake son shiga a sassan Turanci ake yin ta, na tsaya a kan niyyata. Jerin bai kai goma ba.

Wasiƙun shaida uku ake nema, kuma a nan al'adarmu da tasu suka sha bamban. Mu mun saba da wasiƙa mai layi biyar: na san shi, yana da ladabi, a taimaka masa. Su kuwa shafi ɗaya ko biyu suke so, mai bayanin wane aiki ɗalibin ya yi, yaya tunaninsa, ina matsayinsa cikin waɗanda malamin ya koyar. Faɗa wa babban malami haka yana bukatar dabara. Na zaɓi wanda ya duba kundina na digiri na biyu, da malamin Tarihi da ya duba na farko, da malamar da ta yi mini jan biro, domin dole a sami mai adabi ɗaya da zai ce ya ga aikina da idonsa. Kowanne na kai masa samfurin rubutun da bayanin manufar da jerin ranakun rufewa tun watanni biyu kafin lokaci. Malamin Tarihin dattijo ne, ya ce, “Ɗana, rubuto kawai in sa hannu.” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, in na rubuta za su ji muryata a ciki, sun riga sun karanta ni a wasu takardun. Ko Malam zai faɗa in riƙa tuna masa abin da muka yi?” Ya yi dariya, ya jawo kujera. Na tuna masa babin da ya sa na sake sau da dama, shi kuma ya tuno abin da ni na manta, ya zauna ya rubuta da kansa. Wasiƙar ba ta bi ta hannuna. Jami'a ce ke aika wa malami mahaɗi ta imel ya ɗora da kansa, kuma a fom akwai inda ake tambaya ko ka yafe haƙƙin ganin ta. Ana so ka yafe, don a yarda da abin da ke ciki. Mahaɗin ɗaya daga cikin malaman ya faɗa akwatin tarkacen saƙonni, ranar kuma babu wuta a ofis. Da wayata na ba shi intanet, na koma bakin ƙofa na tsaya har ya ce ta tafi.

Jarrabawa ba ta ba ni wahalar da na zata ba. GRE jarrabawar shiga karatun gaba da digiri ce a Amurka, kuma tsohon ɓangarenta na adabin Turanci, wato jarrabawa mai tambayoyi sama da 200 daga farkon adabin Ingila har zuwa yau, wadda da ita ce za ta fi tona giɓina, an daina yin ta bayan Afrilun 2021. GRE ta gama-gari ma yawancin sassan da na duba sun daina nema, don haka ban yi ta ba. TOEFL kuwa, jarrabawar ƙwarewa a Turanci, kowace jami'a da hukuncinta: wasu sun yafe wa wanda ya yi digiri a Najeriya, wasu ba su yafe ba. Na yi ta sau ɗaya saboda waɗannan, an riga an gajarta ta zuwa ƙasa da awa biyu a Yulin 2023, sakamakonta kuma yana aiki shekara biyu.

Kuɗi ne ya fi matsa mini. Cike fom ɗaya yakan ci daga dala 70 zuwa sama da 100, a lokacin kuma dala ta haura naira 1,000 a kasuwar bayan fage, katin naira ba ya biyan komai a waje. Wasu jami'o'in suna yafe kuɗin in ka roƙa da wuri ko ka halarci taron bayaninsu ta intanet, wasu kuma yafewarsu ta 'yan ƙasa ce kaɗai. Na roƙa a ko'ina, na samu a wasu. Sauran wani ɗan'uwa da ke aiki a waje ya biya da katinsa, na ba iyalinsa naira a gida. Cibiyar EducationUSA da ke Abuja da Legas tana ba da shawara a kan irin wannan, kuma ya kamata mutum ya neme ta tun farkon shekara, ba dab da rufewa ba. Taranskirif kuwa na kowace makaranta da ka yi bayan sakandare ake so, har da na NCE. Sa'ar da aka yi, yawanci hoton kwafin ɗalibi ya isa a matakin nema, sai an ɗauke ka ake neman na hukuma. Ɗaya daga makarantuna ta ja ni watanni kafin ta fitar da nawa, don haka wannan ne abin da ya kamata a fara nema kafin komai. Makin ma na bar shi a ma'auninmu na 5 yadda yake, ban juya shi zuwa nasu na 4 da kaina ba.

Ranakun rufewa sun faɗo tsakanin 1 ga Disamba da tsakiyar Janairu. Agogonsu yana bayan namu da awa shida ko fiye, amma ban dogara da wannan ba, kowanne na tura da sauran kwanaki saboda wuta da intanet. Daga nan sai jira. Amsoshi suka fara zuwa a Fabrairun 2024, kuma na ƙi ne suka riga zuwa, gajeru, ba dalili. Wani sashe ya kira ni hira ta Zoom. Rabin hirar a kan shafi ɗaya na samfurin rubutuna aka yi ta, wata farfesa tana ja da ni a kan ko shirun Sa'id tsoro ne ko ciniki. Babu wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa na karanta Tarihi. Wanda ya tabo Larabcin ma tambayarsa ita ce ko zan iya karanta rubutun Larabci na 1831 na Omar ibn Said, wani bawa Musulmi daban da aka kai Amurka daga Afirka ta Yamma, wanda ke Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, a asalinsa. Na ce zan iya, rubutun Magariba ne irin wanda muka saba gani a allo.

Su ne suka ɗauke ni a farkon Maris, wani sashen kuma ya sa ni a jerin jiran gurbi. Yawancin jami'o'in Amurka sun yi yarjejeniya cewa ba za a tilasta wa ɗalibi amsa tayin tallafi kafin 15 ga Afrilu ba, don haka na sami lokacin yin lissafi. Na tambayi shekara nawa aka lamunce tallafin a rubuce, ko ya haɗa da watannin bazara, aji nawa zan koyar a zango, ko inshorar lafiya ta shafi iyali. Na nemi a haɗa ni da ɗaliban da ke can, na tambaye su kuɗin haya. Wannan ya zama dole domin matar ɗalibi da ta bi shi da bizar F-2 ba ta da izinin aiki, kuma kafin a ba da takardar I-20 ta neman biza mai sunanta sai an nuna kuɗin riƙe ta. Muka zauna da mai ɗakina da iyayenmu, aka tsayar cewa ni zan fara tafiya, su biyo baya in na ga yadda alawus ɗin ke isa.

Na amsa tayin kafin wa'adin, na sanar da ɗaya sashen su cire ni daga jerin jira don wani ya samu. Da aka turo jerin darussan zangon farko, na zaɓi na dole a kan hanyoyin bincike, da ɗaya a kan adabin Amurka kafin yaƙin basasa, na uku kuma a kan waƙoƙin Ingila na ƙarni na 18, inda na fi rauni. Daraktar karatun gaba da digiri ta sashen ta rubuto cewa Larabci ya cika sharaɗin harshe na farko in na ci jarrabawar fassara a watan Satumba, Hausa kuma za su nemi malami daga wata jami'a ya shirya mini tata.